Ba Ruwan Shuka Ba Ne

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, kuma ban ma san ko na isa ba. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

Najiba ce 'yar farin Malam Hadi na Kwandiko, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, kuma ba ya zama hira da ita. In yana son ruwa sai ya ce, "Ku gaya wa yarinyar nan." Amma Lailatu, 'yar ƙanensa da ake riƙo a gidan, har gemunsa take tsokana yana dariya.

Ranar Talata aka yi ruwan farko, mai ƙarfi da tsawa, kafin a yi la'asar ya ɗauke. Malam Hadi ya sa aka fito da irin gero. Najiba ta ja Lailatu bayan rumbu, riƙe da littafinta na makarantar Birnin Kudu.

"Wannan ba ruwan shuka ba ne," ta ce. "Iska iri biyu ce, busasshiya daga arewa, mai laima daga kudu. Inda suka yi karo nan hadari ke tasowa, ya zuba ya wuce. Sai iyakar tasu ta tsallake mu ta yi arewa sosai, sannan ruwa ke zama. Yau da safe ta arewa ce ke kaɗawa, ki taɓa leɓenki ki ji."

"To, sarkin boko, je ki gaya wa Baba mana."

"Ke dai ki gaya masa. Amma ki ce ni na faɗa."

Lailatu ta je ta zuba bayani har da kwatance da hannu. Rabin ƙarshen saƙon ne kawai ta manta.

Malam Hadi ya mayar da iri rumbu. Kwana goma sha biyu ko ɗigo. Shukar maƙwabta ta tsiro ta ƙone. Daga nan sai gida ya cika da sunan Lailatu. In ya dawo kasuwa, tsiren Lailatu daban. Najiba ta karɓi nata yankan ta tauna kamar roba. Kai, ko yadda Lailatu ke ɗaga kai ta dubi sama sai ya tsaya mata a wuya. Me take gani a can? Ita da ba ta san gabas ba sai an tayar da salla!

Rannan Alhaji Abdulsalami ya zo daga Basirka a kan babur, suka zauna a zaure. Najiba ta kai musu fura ta laɓe a bakin ƙofa.

"Ina malamar taka?" in ji Alhaji. Aka kirawo Lailatu, ya dube ta. "Lailatu, yaushe za mu shuka?"

Lailatu ta yi ta murza bakin mayafi. "Eh to, Alhaji, a ƙara sati biyu."

Sati biyu! Kwana uku ke nan iska na zuwa daga kudu, gishiri ya jiƙe a kwano, zufa ba ta bushewa. Najiba ta so ta yi shiru, Lailatu ta sha kunyarta. Amma in ta yi shiru, Baba ba zai taɓa sani ba.

"Baba," ta ce, "iyakar ta wuce mu. Duk ruwan da ya sauka yanzu, a shuka."

Malam Hadi bai waiwayo ba. Ya kurɓi fura, ya yi murmushi.

"Ka ji ko, Alhaji? Har ta fara koya wa yarinyar nan."

"Ma sha Allahu! Allah ya ƙara basira, Lailatu."

Lailatu ta sunkuyar da kai ta ce amin.

Suka koma maganar taki. Najiba ta ɗauki takalmanta a hannu don kada su yi ƙara, ta bi gefen katanga ta shige ciki.