Kujerar Ranar Laraba

"Ba zan zauna a kanta ba, Baba Fasto."

Nas ce ta faɗi haka. Kujerar na nan a ofishinsa, sabuwa fil, lulluɓe da farin yadi. So yake daga Laraba mai zuwa a ajiye ta gaban bagade a cikin coci, Nas ta zauna, marasa lafiya su yi layi tana ɗora musu hannu.

Lahadi uku da suka wuce ne wani tsohon kafinta ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar waƙa. Nas ta tsallake benci biyu, ta durƙusa, ta yi ta danna masa ƙirji yadda aka koya mata a makaranta. Ya farfaɗo. Tun ranar mata ke tare ta a ƙofar coci, su shafa hannunta su shafa wa 'ya'yansu a goshi.

Fasto ya cire tabarau, ya ce ɓoye baiwa zunubi ne, kuma dama an san ta da ɗaga kai tun da ta dawo da takardunta na aikin jinya. Ba ta musa ba. Ita ce mai gyara wa dattawa karatu a gaban jama'a. Amma akwai abin da ba ta faɗa wa kowa ba, yanzu ta faɗa masa: ta riga ta daina danna ƙirjin kafin ya farfaɗo. Hannuwanta sun mutu, ta taɓa wuyan tsohon ba ta ji komai ba, ta janye, a ranta ta ce ya tafi. Hannunta na kan cinyarta lokacin da ya yi tari.

"Wa ya ga haka, 'yata?"

"Wanda ya tashe shi ya gani."

Ya ba ta zuwa Asabar ta yi tunani.

A hanya ta ci karo da matar wani direba, mai ciwon suga, tana jan kumburarriyar ƙafa. Matar ta yi dariya ta ce ranar Laraba za ta zubar da magungunanta a masai, likita ya nemi wata sana'a. Nas ta dubi ƙafar. Ta san kamannin ƙafar nan bayan wata guda babu magani.

A gida Mama ta yi lallashi, ta yi kuka, ta ce taurin kan ubanta ne ya motsa, kujera ce fa, ba wuta ba. Nas ta shige ɗaki ta durƙusa kan siminti. Abin da ya fi firgita ta shi ne ba ta sani ba ko tawali'u ne wannan, ko tsohon girman kanta ne ya sake riga. Ta roƙi Ubangiji, in girman kai ne ya karya shi, amma kada ya bar ta ta saci abin da yake nasa.

Asabar ta koma ta maimaita amsarta.

Ranar Lahadi aka karanta sunanta: horo na wata shida saboda rashin biyayya. Aka cire ta daga mawaƙa. Iyayen saurayinta suka aiko cewa a dakata da maganar aure. Mama ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarta. Bencin baya take zama ita kaɗai, kusa da tsintsiya da bokiti, kuma kowace Asabar tana zuwa ta wanke ƙafar matar direba, wadda ba ta yafe mata ba har yau.