Safiya Ashirin da Uku a Kicin ɗin Neel

Ni na fara gani, kafin likita, kafin 'yarta da ke Rotterdam. Wata Litinin Neel ta zo hawan matakalar ganuwar teku da karenta, ta kai taki na huɗu ta zauna. Shekara talatin da ɗaya muna haɗa bango da matar nan, ban taɓa ganin ta zauna a hanya ba. Na jingine kekena na nufe ta.

"Tsaya daga nan, maƙwabci," in ji ta. "Za ka firgita shi."

Karen ya riga ya laɓe a bayanta yana makyarkyata. Pardo sunansa, cikin dogayen karnukan farautar Sifen ɗin nan da ake yarwa in lokacin farauta ya wuce. Wata ƙungiya ce ke kawo wa Neel irinsu, ta riƙe su har su saba da mutane, sannan a sama musu gida. Shi ne na goma sha biyu. Wata huɗu yana hannunta, ya daina fitsari in an buga ƙofa, amma namiji ko inuwarsa ba ya son gani.

"Me ke damunki?"

"Gwiwa ce."

"Gwiwa ba ta mai da ido rawaya, Neel."

Ban yi makaranta ba, tun ina ɗan sha biyu nake cikin jirgin kamun kifi. Amma shekarar da teku ya fasa ganuwa na kwana biyu a kan rufi ban mutu ba, an tsaga min ƙirji an ɗinke ban mutu ba, duk abokan jirgina ni na raka su makabarta. Na san launin nan.

Bayan mako biyu likita ya faɗi abin da na riga na gani: ciwon ba na tashi ba ne. Ta kira ni shan kofi. Ta buɗe gwangwanin biskit na ɗauki ɗaya. A layinmu daga ka ɗauki ɗaya ake mai da murfi, Neel kuwa ta fi kowa saurin hannu a nan. Ranar ta bar shi a buɗe.

"An samu masu sonsa," ta ce. "Mata da miji ne a Middelburg, suna da lambu mai shinge. Sai dai ƙungiya ba za ta ba da shi gidan da akwai namiji ba sai ya yarda da namiji. In na tafi kafin nan, sai a mai da shi keji cikin karnuka arba'in masu haushi. Duk abin da na gina ya rushe cikin kwana biyu, kuma ba wanda zai sake ɗaukarsa."

"To me zan yi?"

"Abin da ba ka taɓa yi ba tun da aka haife ka, Krijn. Za ka yi shiru."

Ga yadda aikin yake. Ƙarfe tara na safe in shigo, in zauna a ƙasan kicin, in ba shi gefena. Ba kallo, ba miƙa hannu, ba kiran suna. Gutsuren cuku a tafina, tafin a kan gwiwa. Awa ɗaya cur. Ni da ake jin muryata daga bakin tashar jirage har coci.

"Kana numfashi kamar injin jirgi," ta ce daga kujera.

"Numfashin ma in bari?"

"In za ka iya."

Kwana shida yana ƙarƙashin matakala. Na bakwai ya fito da kai. Na goma sha biyu na yi atishawa, muka koma farko. Ranar Neel ta zage ni har da kakana, na ji daɗi, don mai ƙarfin zagi da sauransa.

Daga nan ƙarfin ya fara janyewa. Aka sauko mata da gado falo, bakin taga, inda take ganin layi da ƙofar kicin. 'Yarta ta zo. Miya cokali uku, daga baya biyu. Pardo yakan ɗora haɓarsa a gefen katifa, ita kuma da yatsa ɗaya take shafa bayan kunnensa, don hannun ya yi nauyi.

Safiya ta ashirin da uku ya zo har bayana. Na ji ɗumin numfashinsa a wuyana. Ban motsa ba, ƙafata ta mutu murus, ban motsa ba.

"Ya karɓa?" Muryar ta zo daga falo, siririya.

Ban iya amsawa ba, karen yana nan. Na yi shiru kamar yadda ta koya min. Ya jima yana shinshina iska, ya juya ya tafi bai taɓa cukun ba. Kafin in dafa tebur in miƙe in kai falo, Neel ta cika, 'yarta tana rufe labule.

Ban taɓa ƙin amsa wa Neel magana ba sai wannan.

Asabar, bayan jana'iza, mutanen Middelburg suka zo tare da Marjolein, yarinyar ƙungiya. Na hangi keji a bayan motarta.

"Ku yi haƙuri," ta ce da ni. "In bai fito wa maigidan ba yau, dole in tafi da shi. Za a ba da makullin gidan nan Litinin."

Maigidan, Ruud, direban bas ne mai faɗin kafaɗa. Yana shiga ya durƙusa gaban matakala, ya zuba wa karen ido, ya miƙa hannu yana "zo, yaron kirki, zo."

"Fasinja ne da za ka yafito shi?" na ce a hankali. "Janye hannun nan. Zauna can. Ba shi gefenka. In hancinka ya yi ƙaiƙayi ka ƙyale shi."

Na sa masa cuku a tafi, na kori matan zuwa lambu, na zauna nesa da shi a bakin ƙofa. Agogon Neel yana ta bugawa a bango. Marjolein ta leƙo sau biyu tana nuna min agogon hannunta, na juya mata ƙeya.

Awa ɗaya da rabi. Sai ga ƙarar faratansa a daɓe, taku ɗaya, tsayawa, taku ɗaya. Ya wuce ni kamar tukunyar fure. Ya miƙa dogon wuyan nan, ya ɗauke cukun daga hannun Ruud, ya tsaya a wurin ya cinye.

Mutumin da bai taɓa gani ba sai yau da safe. Ba komai. Wa ya koya masa cewa namiji yana iya zama bai ɗaga hannu ba? Ruud ne?

Aka sa masa igiya biyu, ta wuya da ta ƙirji, yadda Neel ke yi don kada ya zille. Marjolein ta rufe bayan motarta da kejin ba kowa a ciki. Ina tsaye a bakin hanya, hannuna a aljihu, ina kallon rufin coci don kada in dube shi. Da suka zo wucewa ya ja ya tsaya. Ya dangwala hancinsa a gwiwata, sau ɗaya, sannan ya hau mota.

Ya bar ɗan tabo mai laima a wandon. Ya bushe ya yi fari-fari, girman kan yatsa. Wandon yana rataye a bayan ƙofar ɗakina. Wanda ya ce ƙarawa nake yi, gida na bakwai ne a layin bayan ganuwa, ya zo ya duba gwiwar hagu.