'Yar Basiru

Ni dai har gobe idan na ji an ce "Mai Sauƙi" sai raina ya ɓaci. Wace Mai Sauƙi? Sunanta 'Yar Basiru, kuma a tsakar gidana aka fara matsar mai da ita.

Ni ce Kaltume, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wani ƙauye kusa da Zakirai. Basiru ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babanmu maƙeri ne, shi kuma Basiru da ya taso sai ya koma walda. Duk wadda ta san matsar tunkuza da hannu ta san azabarta. Ka durƙusa a kan dutse kana danna gyaɗa mai zafi har wuyan hannunka ya kumbura. Wata rana Basiru ya shigo gaishe ni, ya tarar na kasa ɗaga buta. Bayan kasuwa biyu sai ga shi da wani abu a bayan babur: tukunyar ƙarfe da ya huhhuda, da faranti a samanta, da tsohon jak na mota. Ka zuba tunkuza, ka dinga danna sandar jak ɗin da hannu ɗaya, mai ya dinga tsiyaya kamar an buɗe famfo. Wallahi sai da na yi guɗa.

To, a gidanmu akwai al'ada tun kakanni. Aikin fari ba a ɓoye shi, ba a kuma sayar da shi. Ranar Juma'a ake kai shi ƙofar masallaci, liman ya sa albarka, jama'a su gani, duk wanda ya yi tambaya a ba shi amsa. Haka Baba ya yi da kowace sabuwar garma. Haka Basiru ya yi. An ce da aka sauko daga salla har kwance ta ya yi gunduwa-gunduwa, ya mayar, don kowa ya ga cikinta. Matan garinmu suka sa mata suna 'Yar Basiru, sunan ya bi kasuwanni har Minjibir.

Ana nan sai wani Alhaji Kamaruddeen daga birni ya zo sarin gyaɗa, ya gan ta. Ya yi ta "Masha Allah, Masha Allah," yana ɗaukar hoto da waya. Basiru kuwa, Allah sarki, har ƙusa ya ɗauko yana zana masa a ƙasa yadda ake daidaita farantin don kada tunkuza ta tsere ta gefe. Ya ba shi ruwa, ya raka shi mota.

Damina biyu suka wuce. Ran nan ina suyar ƙuli sai ga Basiru ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya zauna a kan turmi.

"Yaya, wai an hana ni ƙera injin."

"Wane injin?"

"Nawa."

Ashe yaran Alhajin ne suka zo shagonsa. Wai Alhaji ya yi wa injin rajista a Abuja a matsayin ƙirƙirarsa, ya shafa masa koren fenti, ya sa masa suna Mai Sauƙi, kuma duk wanda ya sake ƙera irinsa sai kotu ta raba su. Na ce kan uba! Na sauke kaskon, na yafa mayafi, na ce tashi mu je. Ya ce ina? Na ce ko'ina ne, amma ba zama a kan turmi ba.

Ɗan limamin garinmu lauya ne a Kano, Barista Zaharaddini. Washegari muka hau mota muka same shi a ofis. Ya gaishe mu da ladabi, ya saurari Basiru har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Malam Basiru, kafin ka nuna wa kowa, ka yi rajista?"

Na ce, "Rajistar me? Gari guda ne shaida! Babanka ma shi ya sa mata albarka."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya Kaltume, ai matsalar ke nan."

Ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce dokar nan ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ka kai mata sirrin abinka tun ba wanda ya sani, ita kuma ta hana kowa kwaikwayonka har shekara ashirin, bayan nan ya zama na kowa. Ya kama zif ɗin jakarsa ya ce yawancin irin waɗannan ƙananan abubuwa da muke amfani da su ta wannan hanyar suka biyo. Amma sharaɗin shi ne abin ya zama sabo. Da zarar ka baje shi a bainar jama'a kafin ka kai, to a idon doka ya daina zama sabo.

Na ce, "Wato da ya ɓoye a ɗaki kamar kayan sata da ya zama nasa, amma da ya kai ƙofar masallaci aka yi addu'a sai ya tashi daga nasa? Wace irin doka ce wannan, don Allah?"

"Ba ni na rubuta ba, Yaya."

"To shi Alhajin ya aka yi aka ba shi?"

Ya ce masu rajista ba sa bin ƙauyuka suna bincike, wanda ya riga kaiwa shi ake rubutawa, sai in an ƙalubalance shi. Kuma za a iya ƙalubalantarsa. Mutanen da suka gani a masallaci, da matan da suka daɗe suna aiki da ita, sun isa su rushe rajistar Alhaji. Na ce Alhamdulillahi, sai a mayar wa Basiru. Ya girgiza kai. Ya ce shaidar da za ta kayar da Alhaji ita ce dai za ta kayar da Basiru. In an rushe, ba ta Alhaji ba ce, ba ta Basiru ba ce, ta kowa ce.

Na juya ina jiran ƙanina ya yi magana, ya buga tebur, ya yi wani abu. Sai cewa ya yi, a hankali, "Ni dai a bar ni in ci gaba da ƙerawa. Kuma a san ni na yi."

Barista ya ce, "Na farkon zan iya. Na biyun ba ya hannun kotu."

Ba a ma kai ga shari'a ba. Da Alhaji ya ji dattawan gari sun shirya ba da shaida, sai ya janye yaransa, ya yi shiru. Basiru ya koma waldarsa. Amma fa Alhaji yana da motocin rabon kaya, yana da tallan Mai Sauƙi a rediyo safe da yamma, da wata waƙa mai shiga kai. Kafin kaka ta zagayo, kowane mai walda daga Ungogo har Zakirai yana ƙera ta, kuma kowa Mai Sauƙi yake cewa. Har wadda Basiru ya ƙera da hannunsa, mata sai su zo shagonsa su ce a ba su Mai Sauƙi. Na yi faɗa a gidan suna, na yi a gidan biki, na yi da 'yata Tahira har sai da ta yi kuka. Na ce duk wadda ta kira wannan sunan a gidana ta fita da ƙafarta. Mata suka fara ce mini Kaltume lauya, suna ƙyaƙyatawa. Ban damu ba.

Rannan ina tsakiyar aiki, ga odar mai ta gidan biki, ga tunkuza tana hucewa, sai jak ɗin ya cije. Na danna, na buga, na zage shi, ya ƙi. Gumi ya rufe mini ido. Na ji sallamar Basiru a zaure, ban ko ɗago ba na ƙwala masa kira.

"Yauwa Basiru, zo ka duba mini Mai Sauƙin nan, ta ƙi tashi!"

Sai da maganar ta fita na ji abin da na ce. Tahira ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona. Basiru ya tsaya a bakin zaure, ya dube ni, ya dubi injin da ya ƙera saboda hannuna. Sannan ya tattare hannun rigarsa, ya durƙusa a gabanta.

"To, Yaya," ya ce. "Miƙo mini sifana."