Saitin Baba Mai Madubi

Baba Mai Madubi ya manna idonsa a bakin madubin hangen nesa, ya yi ta murza ƙusar saiti har tauraruwar Zuhalu ta tsaya masa da zobenta. Ya ɗago ya dubi layin da ya miƙe daga saman benen sashen kimiyya har kan matakala: ɗalibai, 'yan kasuwa, mata da goyo. Sau ɗaya a wata jami'a ke buɗe wa mutanen gari ƙofa su zo kallon taurari da zarar rana ta faɗi, kuma shekara ashirin da shida ke nan shi ke tsaye a wurin.

"Doka ɗaya ce," ya ce. "A sa ido, a janye hannu. Na riga na saita."

Ko Farfesa, shugabar sashen, ba ta isa ta taɓa ƙusar nan ba. Yau tana tsaye daga gefe ta harɗe hannu. Wa'adin aikin Baba ya cika, ita ce za ta sa hannu a ƙara masa shekara biyu ko a sallame shi. Ta ji ƙishin-ƙishin cewa idonsa ya fara yana, shi kuwa ya rantse mata sharrin 'yan baƙin ciki ne. Gaskiyar magana tsoro yake ji, don bai san abin da zai yi da kansa ba in aka raba shi da benen nan.

Wani tela ne ya fara leƙawa. Ya daɗe a sunkuye, ya ɗago ya dubi furfurar Baba.

"Ka ga zoben?" in ji Baba.

"Masha Allah," in ji tela, ya wuce.

Na biyu ma Masha Allah, na goma ma haka. A da, duk wanda ya ga Zuhalu sai an ɓamɓare shi daga madubin. Yau kowa sai ya leƙa ya yi godiya ya nufi matakala sumui-sumui. Baba ya ja tsaki a ransa. Mutanen yanzu ke nan, waya ta cinye musu ido, ko sama aka sauko musu da ita ba za ta burge su ba.

Wajen mutum na arba'in sai ga Auta, 'yarsa, ta taso daga asibiti ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta leƙa, ta sake leƙawa, ta matso kusa da kunnensa.

"Baba, ba a ganin komai. Wani fari-fari ne kawai, kamar an ɗiga madara a ruwa."

"Ke dai ba ki iya kallo ba."

"Na iya, kai ka koya min. Da idonka ka saita, Baba. Kai kaɗai take fito wa."

Ashe duk waɗanda suka wuce kara suka yi masa. Wa zai dubi dattijo a gaban jama'a ya ce masa bai ga komai ba?

Auta ta kai hannu kan ƙusar. Ya buɗe baki zai tsawata, sai ya fasa. Ta murza sau biyu ta ja baya, wata mai goyo ta sunkuya.

"Kai! Ashe da gaske zobe ne da ita!"

Nan take waɗanda suka sauka suka juyo da gudu, har da tela. Baba ya ce a ba shi wuri ya duba. Ya sa idon dama, ya sa na hagu. Hazo ne kawai, ba Zuhalu ba dalilinta.

"Ta fito?" in ji Farfesa, wadda ta ƙaraso bai sani ba.

"Ta fito ras, ranki ya daɗe."

Ba ta musa ba. Ta dube shi da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Gobe ka shigo ofis mu yi magana."

Ya tsaya dafe da ƙafar madubin, yana jin dariya da shewar mutane kamar daga wani gida. Tela ne ya taɓa kafaɗarsa cikin ladabi.

"Baba, don Allah ɗan matsa kaɗan, ka tare mana hanya."