Koriyar Leda a Bayan Tanderun Su-chin

A cibiyarmu ta bincike da ke garin Hsinchu babu injin da ba za ka ga koriyar ledar gugguru a kansa ba, irin mai kwakwar nan da yara ke ci. Haka muka tarar, haka muke yi. Ka ɗora wa inji ledarsa, ya yi maka biyayya. Dole koriya, don mai ruwan ɗorawa fitina take jawowa, kuma ba a cin abin da ke ciki komai yunwa. Mutane ne masu digiri jingim, amma taɓa wa ɗayansu ledarsa ka ga yadda zai taso maka. Ni kaina na'urar da nake auna kayan mutane da ita tana da guda biyu, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Inji ɗaya ne tak ba shi da leda, tanderun Yen Su-chin.

"A-Lung," takan ce mini, "in gugguru na gyara inji, me ya kai mu makaranta?"

Su-chin dutse take dafawa, ba da wasa nake ba. Garin wasu ma'adanai take narkawa a tanderu har ya zama ruwa, sannan ta bar shi ya huce a hankali na tsawon makonni, don ya daskare ya zama dunƙule guda, garau kamar ƙanƙara, wanda za a yanka a sa cikin na'urorin hoton asibiti. Shekaru tana kan wannan abu. Kullum ta buɗe sai ta tarar ya tsage daga gindi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, to ita dai ta dafa, romon ne ya ƙi zuwa.

Malam Lo, shugaban sashenmu, ya gaji. A gaban kowa ya faɗa mata: in wannan zubin ya tsage, tanderun ya koma hannun Tsou Ming-te, wanda ya daɗe yana neman inda zai gasa kayan batirinsa. Ba tanderu, ba bincike. Sai dai ta dawo ɗakina ta riƙa auna abin da wasu suka ƙera. Na san ɗacin wannan zama, don a cikinsa gashina ya yi furfura, kuma ba na yi mata fatansa.

Tsou kuwa bakinsa ba ya ciwo. Kwana kaɗan da kunna wuta ya shigo da tef ɗin awo, ya danƙa mini baki ɗaya.

"Riƙe mini nan, dattijo. Yaya Su-chin, kada ki damu, awo kawai nake." Ya ja tef ɗin daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan, ya yi fito. "Cif! Kamar don kayana aka ƙera shi."

"Ka jira gawa ta yi sanyi mana kafin ka raba gado," in ji Su-chin.

"Ai sanyin muke jira duka, Yaya."

Da ba don kunya ba, da na saki tef ɗin ya tsula masa a yatsa.

Mugun abin da ke cikin aikin nan shi ne jira. Da zarar an rufe ƙofa, shi ke nan, ba leƙe, ba taɓawa. Ka buɗe da wuri, iska ta shiga, dutsen ya fashe a kan idonka. Su-chin ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta je ta dubi lambobin zafi a allo, ta dawo, ta zuba shayi ta manta da shi, ta sake komawa. Ta leƙo ɗakina ba ta da abin faɗa, ta juya. Taliyar shinkafar da ake kawo mata da rana sai ta sandare a kwali. Iskar garin nan da ba ta hutawa tana kaɗa tagogi, duk kaɗawa ɗaya sai ta ɗaga kai. Har ni ta hana ni sakat, na riƙa auna abu ɗaya sau biyu don na manta na auna.

Wata rana da yamma aka yi girgizar ƙasa. Ba wata babba ba ce, irin wadda fitila ke lilo mutane su ci gaba da hirarsu. Amma ina jin kujerata ta girgiza na san inda zan sami Su-chin. Na tarar da ita gaban tanderun, hannunta a kan mariƙin ƙofa.

"Su-chin, sauke hannun nan."

"Ya tsage, A-Lung. Jikina ya ba ni. Gara in gani in huta."

"In bai tsage ba fa? Ke za ki tsaga shi da hannunki, Tsou ya yi miki godiya."

Ta daɗe a tsaye kafin ta saki. Idonta ya kaɗa ya yi ja, ta juya ta fita. Tausayinta ya kama ni sosai. Na duba hagu na duba dama, na koma ɗakina na ɗauko ɗaya daga cikin ledojina, na zura hannu na cusa ta tsakanin bayan tanderun da bango, inda ba za ta gani ba. Na ce in ba ta yi amfani ba, ai ba za ta yi ɓarna ba.

Ranar buɗewa da safe duk sashen ya taru, har da waɗanda ba su da hurumi. Su-chin ta sa safar hannu ta jawo mazubin. Kowa ya matso kusa. Ta ɗaga dutsen a hasken taga, ta juya shi, ta sake juyawa. Garau daga sama har gindi, ko tsagin gashi babu. Mutane suka ɗauki tafi. Ni ban san lokacin da na rungume Malam Lo ba, abin da ban taɓa yi ba.

Ita kaɗai ce ba ta murna. Ta ajiye dutsen ta koma kan allo tana bin layin zafi da yatsa.

"Gindin bai huce yadda ya saba ba," ta ce. "Ya yi jinkiri. Ni kuwa ban canja komai ba."

"Haba Su-chin, ki karɓi alherinki mana," na ce.

"Alherin da ban san daga ina ya fito ba?"

Ta zagaya tanderun tana shinshine-shinshine kamar mai neman mushen ɓera. Kafin in hana ta, ta kama shi ta jawo shi daga bango a kan tayoyinsa. Sai ga korayen ledoji suna zubowa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, tuli guda. Na tsaya baki buɗe. Ashe ba ni kaɗai ba ne ɓarawon. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Su-chin ta tsuguna ta tsinci guda ɗaya daga ciki. Ta lotse, ga shatin raga a jikinta. A bayan tanderun akwai kafofin shan iska a jere, sama da ƙasa, kowace da ragarta, fanka na zuƙa ta ciki. Ledar nan ta manne a bakin ɗaya daga cikinsu ta rage iskar, shi ya sa gindin ya huce a hankali bai tsage ba. Amma wace kafa ce, kuma ta rufe ta duka ko rabi, tun yaushe? Da ta jawo tanderun, ta rushe amsar da hannunta. Na ga fuskarta lokacin da ta gane haka, ban so na gani ba.

Malam Lo ya gyara tabarau. "Abin da aka yi sau ɗaya sa'a ce, Su-chin, kin fi ni sani. Zubi ɗaya na ƙara miki. In kin maimaita, tanderu naki ne. In ba haka ba, maganarmu tana nan."

Zubi ɗaya, kafofi kuwa ga su nan birjik. In ta yi canke ta kuskure, an gama.

Ta miƙe ta juyo gare mu. "Don girman iyayenku, kowa ya ɗauki tasa ya mayar inda ya sa ta."

Aka fara zuwa a kunyace. Wannan ya ɗora a kan bututu, wancan a ƙasa jikin bango, ni na nuna inda na cusa tawa. Malam Lo ya yi gyaran murya, ya ɗauki ɗaya ya ajiye a kan akwatin waya, bai kalli kowa ba. Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya ya kasa. Ledoji suka ƙare, saura mai shatin raga a hannun Su-chin. Babu wanda ya ce tasa ce.

"Ta waye wannan?" Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. "Ba faɗa zan yi ba. Ina roƙo ne."

Kowa ya dubi na kusa da shi. Tsou yana jingine da ƙofa, hannu a aljihu, inda ya tsaya tun safe. Ko a mafarki ban kawo shi a raina ba. Kuma ko da tasa ce, me zai sa ya yi magana? Ya ja bakinsa kawai, bayan 'yan makonni tanderu ya zama nasa, ba mai zarginsa da komai.

Sai ya yi tsaki, ya tako ya fizge ledar daga hannunta.

"Matsa, Yaya, kin tare hanya."

Ya durƙusa da wandonsa mai guga, ya kwanta a kan kafaɗa, ya zura dogon hannun nan nasa can ƙasa ta hagu. Ya manna ledar a kafar ƙarshe, ya ɗan ja ta gefe har ta rufe rabi.

"Nan. Haka take, rabi. Ranar da kika kunna wuta na sa, kin fita karɓo shayi."

Su-chin ta tsaya tana kallonsa. "Kai? Don me?"

"Kowane inji a gidan nan yana da tasa, shi kaɗai ke zaune kamar maraya. Na tura ta can ƙasa ne don kada ki gani ki yi mini wa'azi."

"Ka san abin da ka yi wa kanka yanzu?"

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Kada ki ɗauka wani abu ne. Dama ƙofarsa ta yi wa kayana kaɗan, ba za su shiga ba."

Ya fita abinsa yana fito. Su-chin ta juyo gare ni, ni kuwa na kau da kai. Ni na riƙe masa bakin tef ranar da ya auna, da kunnena kuma na ji ya ce cif.