Sabuwar Fatar Dankure

Alhaji Dankure ya daɗe yana rage shekarunsa yadda mai shayi ke rage madara, kaɗan-kaɗan don kada mai sha ya lura. Duk lokacin da ritaya ta leƙo ofishinsa a Birnin Kebbi, sai a wayi gari an sake haihuwarsa. A takarda bai kai sittin ba. A fuska kuwa sittin ta wuce da daɗewa, ko waiwaye ba ta yi.

Shi ne mai kula da sito a wata ma'aikata. Babu komai a siton sai kujeru masu ƙafa uku, da fankoki marasa fukafukai, da wani tsohon injin buga takardu da zanzaro ya gina ɗaki a ciki. Amma masinja na ce masa ranka ya daɗe, albashi na shigowa, kuma ya rantse a ransa sai dai a ɗauki gawarsa daga kujerar nan.

Sai aka sanar za a tantance ma'aikata. Kowa zai zo da ƙafarsa ya tsaya gaban na'ura, ta duba fuskarsa da yatsunsa, don a kama ma'aikatan bogi. Bayan na'ura kuma akwai kwamiti da zai kalli mutum ya kalli shekarunsa. Wanda fuskarsa ta girmi takardarsa, sai gida.

Furfura ba ta dame shi ba, ya daɗe yana binne ta da baƙin rini. Giɓin haƙora ma ana iya rufe baki a kansa. Fata ce ta ƙi a yi shawara da ita. Tasa irin busasshiyar nan ce mai kama da bakin fadama bayan ruwa ya janye, duk ta tsattsage, ga ta da saurin fushi. Sabulu mai ƙamshi ya taɓa ta sai ƙuraje, turare ya ɗiga mata sai ƙaiƙayi. Abin mamaki ne yadda Allah ya raba fata tsakanin halittunsa. Gaiwa, kifin nan mai kama da maciji, takan shige laka idan gulbi ya ƙafe, ta naɗe kanta da yauƙinta, ta kwashe rani guda a ƙarƙashin ƙasa, damina na sauka ta fito sumul. Maciji yakan tuɓe tasa ya bar ta a ƙaya ya yi gaba. Ɗan Adam kuwa riga ɗaya aka ba shi, aka ce ya lallaɓa ta har kabari. Dankure bai yarda da wannan rabo ba.

Matarsa Kulsumi ta same shi a tsakar gidansu na unguwar Gesse riƙe da madubi, yana jan kumatunsa sama yana saki.

"Alhaji, mi kaka nema nan? Wani abu ya ɓace?"

"Ke dai kawo shawara. Mi mata ka shahwawa su koma yara?"

"Haƙuri," in ji ta. "Sai kuma man kaɗe. Ga shi can cikin gwangwani. Uwata da shi tat tsuhwa, ba ta taɓa susa ba."

"Ai kin hwaɗi da bakinki, da shi tat tsuhwa. Ni wanda ba a tsuhwa da shi nika so."

Washegari ya hau kabu-kabu ya nufi wani shagon kayan shafe-shafe kusa da kasuwa. Mai shagon Dinatu ce, wata 'yar Filato da ta daɗe a garin. Ya tsaya a waje yana duba wayarsa har sai da matan da ke ciki suka watse.

"Sannu da zuwa, Baba. Me za a kawo?"

"Wa ab Baba? Ke da kin ga mutum sai Baba?"

"Yi haƙuri, Yallaɓai."

"Man gyaran huska nika so. Na iyali na."

Dinatu ta dubi ɓawon da ke tashi a gefen hancinsa. "Iyalin, fatarta na bushewa? Tana ƙaiƙayi in ta sa turare?"

"Ƙwarai."

"Tana aske gemu da reza? Don in tana yi, kada ta shafa a ranar."

Dankure ya yi tari, ya gyara hula.

Ta miƙa hannu can ƙasan kanta ta ɗauko wata farar roba, ba zane ba ƙamshi. Ta ce irin wannan fata ba ta son hayaniya. A fara ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira kwana ɗaya, in bai yi ja ba sai a ci gaba. A wanke fuska da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a daina dirza ta da soso, a guji zama cikin rana. Fatar za ta yi laushi, ta daina tsagewa.

Ya nuna layukan goshinsa da yatsa, ya manta na iyali ne. "Waɗanga hwa?"

"Waɗannan sai dai su ɗan kwanta a hankali, bayan watanni."

"Watanni! Mako mai zuwa za a... za ta biki."

"To Yallaɓai, sai ta je da fuskarta."

Ya juya robar, ya shinshina ta. Ba hoton baturiya, ba alkawari, ga arha. Mutum irin Dankure ba ya yarda da maganin da bai yi masa ƙarya ba. Ya dire ta a kan kanta ya fita, yana cewa wasu dai sun buɗe shago ba su san sana'a ba.

Direban ma'aikatarsu ne ya ba shi labarin Albashir, wani mai haɗa wa amare man fata a Argungu. Argungu kuwa garin haihuwar Dankure ne, haihuwar farko, ta gaskiya. Saboda haka ya shiga garin da hirami naɗe har hanci, ya bi ta lungu kamar wanda ya zo satar akuya.

Rumfar Albashir na bayan kasuwa. Yana zaune gaban wani babban baho, yana matse bututun mayuka a ciki yana tuƙawa da muciya. Kwalabe jere a bayansa, kowace da sunan da ya raɗa mata. Dankure ya sauke hirami.

Albashir ya ɗago ya ware ido. "Alhajin Allah! Kai da ba ka kai hamsin ba, mi za ka yi da mai?"

Nan take aka gama da Dankure. Da a lokacin Albashir ya ce ya sha kananzir, da ya nemi kofi.

"Ga Koma Jiya, na masu haƙuri na. Ga Sabon Jini. Wanga kuwa, Wa Ya Gan Ka, shi ba a ba yaro."

"Mi ac ciki?"

"Sirri na, amma kai babba na. Akwai bilicin na waje, akwai lemun tsami, akwai kanwa, akwai kitsen kada."

Babu wanda ya taɓa jin an yi wa kada kirari da laushin fata, amma Dankure bai tsaya wannan tunani ba. Abu ɗaya kawai ya ɗan ja shi baya.

"Hwatata ba ta son abu mai ƙarhi."

"Don ba ta gamu da maigidanta ba. In ka ji zahi, kada ka wanke. Tsuhwa na ka hita."

"Wanne yah hi sauri?"

"In gaugawa kaka yi, a gama maka su duka."

Aka gama masa su duka a kwalba ɗaya. Launin abin kamar kunun da ya kwana, warinsa kuma tsakanin ɗakin amarya da garejin makanikai. Dankure ya rungume kwalbar har Birnin Kebbi.

Bai ɗiga a bayan kunne ba, don bayan kunne ba shi za a kai gaban kwamiti ba. Ya dumbuza da yatsunsa duka goma ya yaɓa kamar mai shafen ɗaki, safe da rana da yamma. Zafin ya zo kamar yadda aka yi masa alkawari, shi kaɗai ne alkawarin da bai makara ba. Yakan zauna gaban fanka hawaye na zuba yana murmushi, wai yana jin shekaru na fita. Fuskar ta yi ja, ta yi duhu, sannan ta fara saɓulewa sala-sala kamar ɓawon albasar garin Augie.

Kulsumi na shara ta tsaya a gabansa da tsintsiya. "Alhaji, in tara maka su ko in zubar?"

"Hassada dai. Kin ga zan bar ki a baya."

"Je ka. Ka gaida mutanen can."

Ranar tantancewa ya tashi da asuba ya ji kansa ya yi nauyi. Ya laluba madubi. Akwai wani kifi a gulbi da ake kira talibambam, wanda in an taɓa shi yakan haɗiyi iska ya zama ƙwallo, har yaran masunta su riƙa buga shi da ƙafa. To irin haka fuskar Dankure ta koma. Ta kumbura tam, tana sheƙi, idanun sun zama kamar an tsaga su da reza. Amma layukan goshi sun tafi. Ramukan kumatu sun cike. Ko tamoji ɗaya babu.

"Allahu akbar," in ji shi. "Ya yi aiki."

Kulsumi ta saki salati. "Alhaji, asibiti za mu!"

"Ke tahi. Ni ina da aiki."

Zauren tantancewar cike yake. Layi biyu aka yi, na ma'aikata a dama, na 'yan fansho a hagu, su ma an kira su su nuna suna da rai. Dankure ya shiga na dama yana taku ɗaiɗai. Abokan aikinsa suka kalle shi suka kau da kai, ba wanda ya gaishe shi. Shi a ganinsa sun kasa gane shi ne don ƙuruciya.

Wata matashiya mai suna Hope ce ke riƙe da na'urar. Ta kira sunansa, tsohon hotonsa ya fito a allon kwamfuta. Ta ce ya kalli fitila. Na'urar ta yi ƙara ta nuna ja. Ta ce ya buɗe ido.

"A buɗe suke."

Ta sake gwadawa, ja. Ta ce ya kawo yatsa. Yatsun da suka kwashe mako suna dumbuzar haɗin Albashir sun saɓule su ma, sun yi sumul kamar gindin kwalba. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, na'ura ba ta ga komai ba.

Shugaban kwamitin, Malam Abdussamadu, ya taso daga kujerarsa. Ya dubi allo, ya dubi Dankure.

"Wanda ke cikin hoton ga tsoho na. Kai wa ya aiko ka ka tsaya mishi?"

Daɗi ya ratsa Dankure har tafin ƙafa, kafin ya lura ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya matso.

"Ranka ya daɗe, ni na! Ni ad Dankure!"

"Na'ura ta ce ba kai ba ne. Akwai wanda zai shaide ka?"

Dankure ya waiga layinsu. Nan da nan kowa ya sami abin kallo a rufin zaure. A ranar tantancewa ba mai son kwamiti ya ƙara duban fuskarsa, don rabin layin nan su ma an sake haihuwarsu.

Sai wata murya ta taso daga layin hagu. Wani tsoho ne mai sanda, bakinsa ba ko haƙori, sunansa Usmanu. Ya baro wurinsa yana dogarawa, ya zo ya leƙa gefen kan Dankure.

"Shi na, wallahi! Huskar ban san ta ba, amma na san murya, na san kunnen ga. Ƙugiya ta tsaga shi muna yara. Ku sake shi, Dankure na. Rana guda anka yi muna kaciya a Argungu, wanzami guda, bukka guda munka yi jinya."

Malam Abdussamadu ya gyara tabarau. "Malam Usmanu, shekarunka nawa?"

"Na ba saba'in baya, alhamdu lillahi."

Shugaban ya juya ga Dankure.

"Ka san shi?"

Dankure ya dubi ɗan sanda, ya dubi Usmanu. In ya ce bai san shi ba, ya zama ɗan bogi, a wuce da shi. In ya ce ya san shi, ya zama ɗan saba'in. Gumi ya gangaro kan sabuwar fatar yana cizo kamar barkono. Ya nemi hanya a tsakani.

"Na san shi, ranka ya daɗe. Amma ni ina jinjiri anka kai ni. Goye nike."

"Jinjiri?" Usmanu ya buga sanda a ƙasa. "Kai ab babbanmu! Kai anka ce a hwara da kai don mu ga ba zahi, kat tsere ba wando, sai da masunta sunka kamo ka cikin kwalekwale!"

Dariya ta ɓarke a layin hagu, ta tsallaka na dama, har ɗan sandan sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Malam Abdussamadu ya jira aka lafa. "To, mun gode Allah, ba ɗan bogi ba ne. Alhaji, daga yau ka huta. Layinka wancan na."

Usmanu ya kama hannun rigarsa da murna yana ja. "Taho, na aje maka wuri. Babba ka shiga gaba."

Hope ta ɗago daga kwamfuta ta kira shi a hankali.

"Alhaji, kada ka wahalar da kanka da tsayuwa. Na'urar can ma irin wannan ce. Ka je gida kumburin ya saɓe tukuna, in tsohuwar fuskar ta dawo sai ka kawo ta."