Agogon da Aka Karɓe a Bakin Ƙofa

Baba yana iya shigar da tirela da baya cikin lungun da ko amalanke sai an lallaɓa, amma *avant* da *devant* sun gagare shi. Kamfaninsu kuwa ya ce duk direban da ya faɗi jarrabawar Faransanci ta baka, za a karɓe motar a ba wani. Motar da yake wankewa da hannunsa tun ina firamare.

Da yake ni ce malamar Faransanci a gidan, kayan ya faɗo kaina.

"Baba, *avant* na lokaci ne, kafin abu. *Devant* na wuri ne, gaban abu."

"To ai duk gaba ne, 'yar nan."

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Da na gaji, sai na bi ta inda direba ya fi ganewa, wato hannu da ƙafa. In lokaci ne, ya taɓa agogonsa. In wuri ne, ya taka ƙasa kamar birki. Nan da nan karatu ya zauna, ko da yake Inna ta ce ya kusa fasa mata siminti.

Ranar jarrabawa na raka shi. A bakin ƙofa mai gadi ya miƙo tire.

"Waya da agogo, Malam. Doka ce."

Baba ya dube ni. Ya kwance agogon a hankali, ya shiga.

Ta gilashi nake hango shi, ba na jin komai. Mai jarrabawar, wata mata mai tabarau, ta yi tambaya. Baba ya taka ƙasa, ya amsa. Ta sake wata. Hannunsa ya tashi, ya tsaya a iska. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, matar ta ɗauki biro. Na tsani kaina da dabarata.

Sai ya sunkuya ya kalli tsintsiyar hannunsa. Akwai zobe na fata mai haske, inda agogo ya hana rana taɓawa shekara da shekaru. Ya ɗora yatsa a kai, bakinsa ya buɗe.

Da ya fito, mai gadi ya miƙo masa tiren. Baba ya ɗauki agogon ya saka min a tafin hannu, makullin mota na ƙara a aljihunsa.

"Riƙe wannan, Malama. Ashe ina da wani."